Ma'u da Lambar Jikin Na'ura

Shekara goma sha ɗaya Ma'u ta yi tana sayar da maganin dabbobi a Birnin Gwari, a wani shago mai rufin kwano da ba shi da silin. 'Yar Gayam ce. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ba ta miƙa wa makiyayi kwalba sai ta karanta rubutun jikinta har ƙasa.

Bazarar bara ce ta ɓata mata suna. Zafi ya lalata magunguna a kan kantar shagon, allurar da ta sayar wa Bakoji, wani makiyayi na wajen Damari, ta ƙi aiki, maruƙansa biyu suka mutu. Bai yi mata faɗa ba. Ya dai ɗauke ƙafa, mutanen rugarsu ma suka bi sahunsa. Ta ga in wata bazarar ta same ta a haka, shagon ya tashi. Sai ta ƙara farantan sola, ta ƙudura sayen na'urar sanyaya ɗaki.

Obed mai gyaran firij ya zo ya auna shagon. Ya ce, "Mita huɗu da biyar, ga kwano, ga ranar yamma. Hajiya, ki nemi mai dubu goma sha biyu. Kada ki dubi kwali. Ki duba takardar da ke manne a gefen na'urar, inda aka rubuta BTU. Lambar nan ce ke faɗin yawan zafin da za ta iya kwashewa. In ta gaza, wuni za ta yi tana gurnani, ɗakin yana nan yadda yake."

Hanyar Kaduna ba wadda ake bi sau biyu don mayar da kaya ba ce. Ma'u ta san zuwa ɗaya gare ta.

A kasuwar Kaduna wani mai shago ya jawo mata kwali an rubuta hos ɗaya da rabi da manyan baƙaƙe, wato ƙarfin mai dubu goma sha biyu.

"Buɗe min," in ji ta.

"Haba Hajiya, sabuwa ce dal. Ko likitoci wannan suke saye."

"To likitocin ma su buɗe. Ni dai buɗe min."

Ya buɗe yana tsaki. Ta tsuguna, ta bi takardar da yatsa. Dubu tara.

"Malam, kwalinka da na'urarka ba su gaisa ba."

"Ke a ƙauyenku wa ya san bambanci? Sanyi ai sanyi ne."

"Magani ya sani. Shanu ma sun sani."

Nababa, direban da ya kawo ta, ya leƙo, ya ce motoci na shirin tashi, shi kam ba zai shiga dajin nan bayan la'asar ba.

"Ka tafi, Nababa. Ina da 'yar'uwa a Kawo."

Ya tafi ɗin kuwa. Shago biyar ta shiga, aka buɗe mata kwali bakwai, wani har yana kiranta Hajiya lauya. A na ƙarshe ta ga dubu goma sha biyu da idonta. Washegari ta iso gida da na'urar a kan cinya, don ta hana a ɗaura ta a but ɗin mota.

Bazarar bana ta yi zafin da ta ga dama, magani bai lalace ba. Bakoji bai dawo ba tukuna. Amma ranar kasuwar da ta wuce ƙanensa ya shigo, ya tsaya yana dube-dube cikin sanyin, sannan ya ce a ba shi maganin hanta na shanu talatin.