Turmin Inna

Ƙanena ya shekara bakwai yana cin rani a Kano wajen masu sassaƙa. Da ya dawo Matameye ya zauna, sai ya ɓullo da sana'ar da ban taɓa ji ba: bin gidaje yana neman tsofaffin turame. Wanda ya tsage ko gindinsa ya ɓule, shi yake so. Har Kance da Ɗan Barto yake zuwa a kan babur. Sabo kuwa ko kyauta ba ya karɓa.

Mata suka fara magana, ni ma ban ga laifinsu ba. Namiji da gemunsa ya ɗauki turmin da mace ta shekara ashirin tana daka a ciki, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, me za a ce? Wasu suka ce asiri ne. Ni zargina daban ne, don na ji yana kai su Yamai, baƙi su zagaya suna kallo, su saya.

To, turmin Innarmu yana hannuna tun rasuwarta. Na icen ƙirya ne, ya tsage daga baki har gindi, na kife shi a bayan ɗaki. Sai ƙanen nan nawa ya tsiri zumunci. Yau goro, gobe sabulu, bakinsa na gaishe ni, idonsa na bayan ɗaki.

"Yaya, ruwa da rana fa za su cinye shi."

"Su cinye. Su dai ba za su kai shi Yamai ba."

Ya rantse ba gunki zai sassaƙa ba. Wai shi ba ya ƙara wa ice komai, buɗe shi kawai yake yi. Ban yarda ba ko kaɗan, amma naci ya ishe ni. Na ce ya yi a gabana, a tsakar gidana.

Ya zo da hantsi. Ya ƙwanƙwasa turmin, ya kara kunne, ya shinshina, ina tsaye na riƙe ƙugu. Sannan ya cusa ƙarfe a tsagar, ya buga sau uku. Turmin ya dare gida biyu, na ji abin har cikin ƙirjina.

Ya ce in sa hannu. Ramin bai zauna a tsakiya ba, ya karkata gefe guda, ya cinye icen wajen har ya yi siriri.

"Kafaɗar Inna ce, Yaya. Taɓarya ba ta sauka daidai. Wannan ba cin shekara ɗaya ko biyu ba ne."

Ni ce babba, ni nake kwana ɗakinta, na ci tuwonta har na yi aure, ban taɓa sanin tana da ciwon kafaɗa ba. Kunya ta kama ni, da haushi.

Na sunkuya na ɗauki ɓangaren da ya cinye. Ya ce aikin ba ya tsayuwa sai da duka biyun.

Na ce, "Ka kai musu mai lafiyar. Wannan ba na kallo ba ne."