Kunkurun gidanmu da tayil ɗin Yaya

Kunkurun gidanmu na Koki ya girme ni. Hajiya, mahaifiyarmu, ta ce ta tarar da shi a gidan ranar da ta tare, yana kwance a gindin randa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yi ciwo ba. Tsakar gidanmu ƙasa ce a lokacin. Da zafi sai ya tona rami a bayan rumfa ya shige, da damina ya hau tudun da ke kusa da madafi. Abincinsa ganyen rama da yakuwa da ɓawon kankana, duk abin da aka zubar in ana gyaran kayan miya. Babu wanda yake kula da shi, shi ma bai nemi a kula da shi ba.

Bayan rasuwar maigidana na dawo gida na zauna da Hajiya, ina koyarwa a wata firamare da safe. A shekara ta biyu da dawowata, yayanmu babba, wanda yake aiki a Abuja, ya zo ya ce ya gaji da ganin mahaifiyarsa tana taka taɓo. Ya kawo masu aiki, suka malale tsakar gidan da siminti, suka shimfiɗa farin tayil tun daga bakin zaure har ƙofar banɗaki. Gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, Hajiya tana ta shi wa Yaya albarka. Ni ma na yi murna. Ko sau ɗaya kunkurun bai faɗo mini a rai ba.

Farin tayil ba ya ɓoye datti, don haka kullum da safe sai na wanke shi da omo kafin na tafi makaranta. Ruwan yana gangarewa rariya, kuma wajen rariyar nan ba ya bushewa. Nan kunkurun ya koma da zama, tunda babu sauran inda zai tona. In zai yi tafiya ƙafafunsa su riƙa zamewa, cikinsa yana gurzar tayil, ƙiii, ƙiii. Har dariya muke yi masa.

Damina ta yi nisa na fara jin wari. Na zuba kalanzir a rariya, na sa an yashe kwata, warin yana nan. Ran nan na ɗaga kunkurun zan wanke ƙarƙashinsa, sai babban yatsana ya lotsa cikin ƙoƙon cikinsa kamar na danna ruɓaɓɓen tumatir. Na juya shi. Wurare uku sun yi fari-fari sun yi laushi, ɗaya yana tsatsar ruwa. Fatar da ke tsakanin wuyansa da ƙafafun gaba ta yi ja, tana saɓa.

Na kai wa Hajiya shi har bakin gado. Ta leƙa, ta toshe hanci da mayafi.

"Tsufa ne," in ji ta. "Ni ma ai jikina ba kamar da ba."

"Hajiya, tsufa ba ya wari haka."

"To shafa masa man shanu."

Ban shafa ba. Amma ina makaranta maƙwabciyarmu ta shigo, Hajiya ta ba ta labari, su biyun suka lafta masa man shanu ciki da baya. Na dawo na tarar da shi yana ƙyalli, ƙudaje sun yi masa baƙi, kiyashi sun yi layi tun daga bango. Na tsuguna ina wanke shi da ruwan ɗumi, raina kamar ya fashe. Maƙwabciyar ta sake leƙowa ta ce in man shanu bai yi ba a gwada baƙin mai, wai shi mijinta yake sa wa akuya. Na ce mata na gode.

Ranar Asabar na sa shi a baho, na rufe da tsohon zane, na tari adaidaita sahu zuwa wajen wani likitan dabbobi da aka kwatanta mini can wajen Kabuga. Layin duk masu raguna ne da masu kaji. Da na buɗe zanen sai kowa ya bar abin da yake yi. Wani dattijo ya ce, "Malama, sayarwa za ki yi?" Wani ya ce shi bai taɓa jin an kai kunkuru asibiti ba, duniya ta zo ƙarshe.

Likitan dai bai yi dariya ba. Ya faɗa mini gaskiya cewa ba kasafai ake kawo masa irinsa ba. Ya juya shi, ya danna, ya shinshina, ya kankare ruɓaɓɓen wurin da wani ɗan ƙarfe, kunkurun yana huci.

"A ina yake kwana?" ya tambaya.

"A kan tayil, bakin rariya."

"To ga ciwon nan. Tayil ya gurje masa ciki, ruwan datti ya shiga, ƙoƙon ya fara ruɓewa. Zan ba ki aidin da man shafawa. Kullum ki wanke, ki bari ya bushe, ki rufe shi kada ƙuda ya ajiye masa tsutsa. Amma in kin mayar da shi inda yake kwana, aikin banza kika yi. Ya samu busasshen wuri, ya riƙa shan hantsi. In ya warke kuma, ƙasa yake so."

Na dawo da ƙarfin gwiwa. Ban san nan ne wahalar za ta fara ba.

Na samo babban kwali na shimfiɗa tsofaffin jaridu. Kafin azahar ya yi fitsari, ya kekketa jaridun, ya fasa gefen kwalin ya fice, na tsince shi a bakin rariya. Na sauya kwali, na tokare shi da turmi. Ya ture turmin. Duk wanda ya ce kunkuru ba shi da ƙarfi bai taɓa ƙoƙarin tsare shi ba.

Wani kafinta a layinmu ya haɗa mini akwati mai faɗi, ya cika mini buhu da garin katako, ya ce masu kaji duk shi suke zubawa, yana shanye ruwa. Kwana huɗu kunkurun ya yi a kai. Ran na biyar idanunsa suka kumbura suka rufe, hancinsa yana kumfa, garin ya manne cikin ciwon ya yi kamar tuwo. Da na tona ƙasan akwatin na tarar ya yi fumfuna. Na kwashe na zubar, na zauna ina ɗiga masa ruwa a ido da auduga, ina jin haushin kafintan, ina jin haushin kaina da ban kira likita na tambaya ba.

Sai yashi. Na roƙi masu gini a bayan layi suka ba ni kwano biyar. Shi bai yi fumfuna ba, amma yana shiga ciwon yana gurza shi, ga shi yana mannewa a ganyen da nake ba shi. Na ga yashi a kashinsa, na kira likitan a waya. Ya ce in kwashe maza, zai iya toshe masa ciki.

"Malama, ai na ce miki sai ya warke. Yanzu ki bar shi a kan tsumma mai tsabta, ki riƙa sauyawa."

Haka na koma wankin tsummokara, safe da yamma, kamar mai jego. Wata biyu cur. Tsofaffin zannuwan Hajiya duk sun ƙare a akwatin nan. Ita kuma kullum in ta gan ni tsugune da burushi da kwalbar aidin sai ta ce, "Ke dai ba ki da aikin yi." Amma in na shiga ɗaki sai na jiyo ta tana yi masa magana, tana miƙa masa ganyen zogale.

Ciwon ya bushe. Wuraren suka yi tauri, sai ramuka da suka rage kamar zanzana. Saura ƙasa. Na auna wata kusurwa a bayan rumfa, inda yake tona raminsa a da, tayil goma sha biyu kacal. Da Yaya ya zo hutun ƙarshen mako na kai masa abinci, na jira ya ci, sannan na faɗa masa.

Ya ajiye cokali. "In fasa tayil? Saboda kunkuru?"

"Kusurwa ɗaya ce, Yaya. Ba ma a ganinta daga zaure."

"Kin san ruwa zai shiga ƙarƙashin sauran ya ɗaga su? Ki zuba masa ƙasar a akwati mana."

"Na zuba. Ba ta da zurfin da zai tona, kuma ba ya zama. Hawa yake yi ya faɗo ta baya."

"To ki rufe akwatin."

"Yaya, shekara nawa yana yawo a gidan nan? Kafin a haife ka yake nan."

"Shi ya sa na ce ya ci zamaninsa."

Na juya wajen Hajiya, ina jira ta sa baki. Kalma ɗaya daga gare ta ta isa. Ta dubi ɗanta, ta dubi farin tayil ɗin da ya yi mata, ta ce, "Ku dai yi haƙuri da juna." Na kwashi kwanuka na fita. A madafi na yi kukan da ban yi niyya ba, don takaici kawai.

Na ƙara gwadawa. Na sa an jera bulo a kusurwar, na zuba jar ƙasa gauraye da busasshen ganyen mangwaro, kusan kamu biyu. Ya shiga ya tona, ya yi kwana uku lafiya lau. Sai ruwan wankin tsakar gida ya bi ta ƙarƙashin bulon, ƙasar ta jiƙe daga ƙasa, kuma ba ta da inda za ta tsane tunda tayil ne a ƙarƙashi. Jan ruwa ya riƙa malalowa yana ɓata farin. Da na juya kunkurun na ga gefen wani tsohon rami ya fara yin fari, na san an gama.

Akwai ƙanwar mahaifinmu a Shahuci, gidanta har yanzu ƙasa ce, ga bishiyar goba a tsakiya. Na je na roƙe ta, ta ce in kawo shi, ai ɗan gida ne. Ranar da zan tafi da shi Hajiya ta ƙi fitowa daga ɗaki. Ta labule ta ce, "Ki gaya mata ba ya cin albasa."

Yana can yanzu. Ya tona rami a gindin gobar, zurfinsa ya kai gwiwata. Nakan biya ranar Juma'a in juya shi in duba cikinsa, Gwaggo tana yi mini tsiya wai na zama likita. Ƙoƙon ya yi tauri, warin ya tafi. Yaya da ya zo Sallah bai ma lura babu shi ba, sai da Hajiya ta faɗa masa. Ya ce, "Kin gani? Ai ga shi an samu mafita." Ni dai na ci gaba da yanka alayyahona.