Harshen Zulai

Ranar Juma'ar farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda da manyan kifaye biyu da kwalaben ruwan farin inabi. Ya girke jug a kan tabarma, ya zuba inabin, ya ƙara ruwan tuffa da soda, ya matsa lemun tsami, ya murje na'a-na'a a tafin hannunsa. Ni ina tsugune a gefensa tun kafin ya cire takalmi, amma da ya tsiyaya a ƙaramin kofi sai ya miƙa ta saman kaina. "Zulai, yalla, ɗanɗana min." Zulai fa ƙanwata ce, shekara biyu na ba ta, ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba.

Baba kuku ne a gidan wani injiniya Bajamushe, mutumin da ba ya gajiya da labarin farar giyar garinsu, wadda ake haɗawa da inabi iri biyu, mai zaƙi da mai tsami, a sha da kifi ko kaza. A Jidda ba a sayar da ita, ko da ana sayarwa Baba ba zai taɓa ba. Dabarar kawai ya ɗauko: kifi mai maiƙo a ƙara tsami, miya mai yaji a ƙara zaƙi. Tun daga ranar, duk Juma'a sai Zulai ta gutsiri kifi, ta kurɓa, ta lumshe ido kamar tsohuwa, ta ce tuffa ta yi yawa. Baba ya yi dariya ya ce, "Wannan yarinya tana da harshe." Ni aikina ɓare tafarnuwa da kankare kifi, hannuna ya wuni yana ƙarni. Kishi ya ci ni har na daina 'yar gala-gala da ita a lungu, sau biyu ina ɓoye mata silifa a bayan tankin ruwa.

Da Kawu Sani ya zo umara daga Kano, Baba ya soya kifi ya dafa shinkafar sayadiyya, ya haɗa ruwan inabin, Zulai ta ɗanɗana, aka ce halas, wato an gama. Suna shimfiɗa ledar cin abinci na faki ido na kurɓi jug ɗin. Tsami! A sanina ko zoɓo sai da sukari, don haka na antaya cokali biyar. Abin ya taso da kumfa ya malale, na goge da gefen zanena.

Kawu ya shanye kofi biyu yana santi, ya tambayi wanda ya haɗa. Na yi caraf na ce ni ce. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a hankali. Bai yi min faɗa ba. Zulai kawai ya kalla, ta yamutsa hanci, suka yi wani ɗan murmushi nasu su biyu. Wallahi da ya dake ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu Baba ya rasu, Zulai tana aure a unguwar Madain Fahd, 'ya'yanta lemun gwangwani suka sani. Ni ce nake haɗin duk Juma'a, kuma na iya, kowa ya shaida. Amma in ta zo, ita nake fara miƙa wa kofi, in tsaya a kanta ina jira ta buɗe ido. Tana cewa ya yi. Ba daga bakinta na so in ji ba.