Tsakuwar da Ke Cikin Tulu

Me ya riƙe mini baki ranar nan a ofishin lauya? Shekara uku ke nan ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Ban iya rubutu ba, 'yata Asabe ce ke rubuta wannan, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Ni maginiyar tukwane ce a Ushafa, a hannun uwata na koya. Da Abuja ta cika da otal-otal, sai suka fara neman manyan tukwanen fure. Kasuwa ta buɗe, har na ɗauki mata shida aiki. Maigidana, Baban Asabe, tsohon masinja ne a ma'aikata. Shi ya yi mana rajistar kamfani da sunansa, aka yanka mana hatimi. Ni ke ciniki, shi ke riƙe littafi. Abin da na faɗa masa da yamma, shi yake rubutawa. Bai taɓa ce mini "kin tabbata?" ba.

Masu otal idan sun biya, sukan ɗora kason gwamnati a kan kuɗin kaya, mu kuma mu kai wa hukumar haraji. Wata rana maigidana ya tafi jana'iza, motar wani otal ta zo ta ɗauki kaya. Na buga hatimi a takardarsu, na karɓi kuɗi. Da ya dawo ban faɗa masa ba. Na ce a raina, gwamnati ta taɓa taka yumɓu da ni? Don kada in manta, na jefa tsakuwa ɗaya a wani tulu da ke bayan gadona. Daga nan duk motar da na ɓoye, tsakuwa ɗaya. Na sayi fili a Orozo, na ce masa adashi na ɗauka. Shekara biyar tulun yana nauyi.

Sai takarda ta zo cewa za a binciki littattafanmu. Maigidana ya ɗauki lauya, wata mace mai haƙuri. Mako biyu tana tattara rasit ɗinmu tana jerawa. Ranar ƙarshe ta cire gilashinta ta dube ni.

"Mama, ke ce a bakin kasuwa. Akwai cinikin da bai shiga littafi ba? In akwai, faɗa mini yanzu. Mu kai da kanmu, tara ce, a biya a hankali. In su suka tono, bayan Baba ya sa hannu a takardar rantsuwa, maganar kotu ce."

Na ce, "Babu, 'yata."

Ta ce, "Ni taku ce fa, Mama. Ba a ɓoye wa unguwarzoma ciki."

Na yi dariya, na sake cewa babu. Maigidana ya ɗan dube ni, ya ɗauki biro ya sa hannu.

Masu bincike ba su yi hayaniya ba. Takardun otal-otal kawai suka shimfiɗa a tebur, kowace da hatiminmu, kowace da sunansa. Lauya ta riƙe kai. Aka kai shi kotu. Belin da aka sa yana buƙatar mai gida a cikin gari ya tsaya masa, mu kuwa ba mu da kowa. Aka tsare shi a gidan yari ana jiran shari'a, ga shi da ciwon suga. Ko a lokacin ban yi magana ba. Tsoro nake ji, ina ta cewa gobe.

Wata huɗu ya yi, aka fito da shi zuwa asibiti, ƙafafunsa sun kumbura. Kwana uku ya yi a can ya cika.

Bayan an yi addu'ar bakwai na ɗauki tulun a ka har ofishin lauya, na juye mata a tebur, na faɗa mata gaskiya. Ta yi kuka, ta raka ni hukuma. Na sayar da filin Orozo na biya. Ba a ɗaure ni ba, aka ce tsohuwa ce. Da ma an ɗaure ni.

'Ya'yana masu sana'a, kason da ba naku ba, ku miƙa shi tun yana ƙarami. In kun ɗauki lauya, ku faɗa masa abin da kuka fi jin kunyarsa, shi ne abin da ya fi buƙatar ji. Kada ku bar wani ya sa hannu a kan ƙaryarku.

Daren da zai cika, ina shafa masa ƙafa, na buɗe baki zan faɗa masa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bari, Maman Asabe. Ni ke share bayan gadonki in kin tafi kasuwa. Tsakuwa arba'in da ɗaya ce. Duk shekarun nan jira nake ki faɗa mini da bakinki."