Facin Dunduniyar Hagu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan nan, 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Baba Mai Basilla, kai ne na ƙarshe cikin mutum goma sha ɗaya da suka yi aiki a tsohon gidan ɗinkin takalma na bakin kasuwa, inda yau ake sayar da wayoyi.

Shekara biyu ke nan da na fara yi maka sintiri da hotunan gidan, waɗanda na samo a wata tsohuwar akwati wurin jikan mai gidan. Na ce maka tarihi nake rubutawa. Ka ce, "To, malam marubuci, zauna, amma kar ka zauna mini kan guduma." Ban faɗa maka ainihin abin da ya kawo ni ba. Mahaifina ya yi aiki a can, ya rasu ina goye, kuma ko hotonsa ɗaya ba mu da shi.

Ruwa ya taɓa hotunan, ya cinye fuskoki da yawa. Ni abin ya dame ni, kai kuwa ko a jikinka, don ƙafa kake dubawa. Ka ɗora yatsa ka ce wannan mai yankan fata ne, shi ne kullum ke take bayan takalmi. Wancan kuma mai tsaron kanta, wanda ya gwammace takalmi ya matse shi da a ce ƙafarsa ta yi girma. Sai ka yi ta dariya har da hawaye. Duk wanda ya zo gaishe ka kuwa, in ya tashi tafiya, sai ya tarar ka sa hannu ka goge masa takalmansa kuna hira.

A watan jiya na kawo hoton da ya rage: mutum uku a kan benci, ba mai fuska ko ɗaya. Na tsakiya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tafin takalminsa na hagu na kallon mai ɗauka, da faci a dunduniyar ta gefen waje. Ka duba, sannan ka ce, "Ciro na hagunka." Na ciro. Ka juya shi, ga dunduniyar ta cinye ta gefen waje.

"Ga ubanka nan," ka ce, kana nuna na tsakiyar. "Facin nan ni na sa masa, sau uku. Tun ranar farko na gane tafiyarka, ɗana. Jira nake ka tambaya, kai kuma ka tsaya kunya."

Na yi kuka a gabanka kamar ƙaramin yaro. Ka riƙe takalmin ka ce zai kwana biyu, ka ba ni silifas ɗinka na koma gida da su.

Ranar da muka kai ka makwancinka, 'yarka ta miƙo mini leda. Takalmina ne, da sabon faci. Ɗinkin ya ɗan karkace, don hannunka ya riga ya fara rawa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna, da ƙanwata 'yarka, da jikoki, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Yadda ka haɗa ni da mahaifina, Allah ya haɗa ku a Aljanna. Na tabbata tun daga nesa za ka gane tafiyarsa.