Matar da Ta Roƙi Fatun Layyarmu

Tun da na zo Greensboro a nan Amurka akwai abin da ke sosa mini rai duk ranar Babbar Sallah, wato fatun raguna. Idan an sauko daga idi mukan yi jerin motoci zuwa wata gona a Pleasant Garden, wurin wani Bature mai kiwon tumaki da ya saba da mu. Kowa ya nuna ragonsa, a yanka, a feɗe, a zuba nama a kula. Fatun kuwa sai a tara su bayan rumfa, mai gonar ya zo da tarakta ya haƙa rami ya binne. Ni a Katsina na tashi, a gidan da fatar layya ke zama buzun salla, ko a kai wa malamin unguwa sadaka. Ban taɓa iya tsayawa na kalli wannan ramin ba.

Wata shekara muna cikin fiɗa sai ga wata tsohuwar Baturiya ta fito daga wata tsohuwar mota, siririya, gashinta fari fat, da takalman roba har gwiwa. Ba ta kalli naman ba. Kai tsaye ta wuce wurin fatun ta durƙusa tana juya su. Wanda ke yi mana yanka wani dattijo ne ɗan Damagaram, direban tasi, muna ce masa Alhaji. Ya tsaya da wuƙa a hannu ya dube ni, ya fara da ɗan Faransancin mutanen garinsu.

"Bon, Malam, kai ne mai Turanci. Je ka ji abin da baiwar Allah nan take nema."

Na je na gaishe ta. Ta ce mai gonar ne ya gaya mata yau muke yanka, ta zo roƙon fatu, idan addininmu bai hana ba. Na ce bai hana ba, amma me za ta yi da su?

"Takarda," in ji ta. "Irin wadda aka yi rubutu a kai kafin a san injin buga littafi."

Da na fassara wa Alhaji sai ya yi dariya ya ce a ba ta duka, ya fi a ba ƙasa. Ta ce ba za ta iya da duka ba, ta zaɓi kaɗan. A ciki har da ta ragona, fari mai baƙin tabo a wuya. Ni na kai mata su mota. Kafin ta tafi ta kwatanta mini gidanta a Summerfield, ta ce in zo in ga abin da ragona zai zama.

Sai da damina ta yi nisa na je, wata Asabar da ba ni da aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin da nake. Gidan yana ƙarshen wata hanya, bayan gonakin dawakai. Ita kaɗai ce a ciki, mijinta ya rasu, 'yarta tana wata jiha. Ta gaya mini duk rayuwarta gyaran tsofaffin littattafai ta yi a ɗakin karatu na wata jami'a, har ta yi ritaya. Na fara ce mata Mama, kamar yadda zan ce wa duk sa'ar mahaifiyata. Da farko abin ya ba ta dariya, daga baya ta saba.

Ta kai ni gareji. Warin da ya tare ni a ƙofa ya mai da ni unguwar majema ta garinmu, sai dai ita ba jima take yi ba, babu bagaruwa a aikinta. Jiƙa fatar take a ruwan farar ƙasa har gashin ya saki, sannan ta ɗaure ta da igiyoyi a jikin wani firam na katako, ta ja ta tamau kamar ganga, ta riƙa kankarewa da wata wuƙa mai siffar jinjirin wata. Fatar ragona tana nan a miƙe, ta yi fari sol. Duk da haka inda baƙin tabon nan yake akwai wata inuwa da ta ƙi fita.

"Ka gane shi?" ta tambaye ni.

Na ce na gane shi. Mun daɗe da cinye namansa.

Daga nan muka shiga cikin gida, ta zuba mini shayi, ta jawo wata faffaɗar durowa. Warƙoƙi ne a ciki, wato fallayen tsofaffin littattafai, kowane shi kaɗai. Ta ce akwai lokacin da dillalai ke sayen littafi na ɗaruruwan shekaru su farke ɗinkinsa su sayar falle-falle, kowane ya kama gabansa. Ita kuma duk inda ta ci karo da ɗaya sai ta ɗauko shi, don ba ta iya barinsa a can. Ta nuna mini na ƙasar Turai, a kan fata, ta ce babban littafi guda yakan cinye garke sukutum. Ta nuna mini wani dogo siriri na ƙasar Indiya, a kan busasshen ganye mai kama da na giginya, da huda a tsakiya inda zare ke bi. Ta ce ita takarda daga ƙasar Sin ta taso, ta biyo ta Bagadaza da Masar, kuma malaman Musulmi sun daɗe suna cika ɗakuna da littattafan takarda tun Turawa suna kankarar fata.

Ta ɗaga wani falle na fata ta saita shi da hasken taga. Na ga jijiyoyin dabbar, siri-siri, suna ratsa ƙarƙashin rubutun. A gefe akwai 'yar huda, marubucin ya kewaye ta da rubutu ya ci gaba abinsa. A kusurwar ƙasa kuma wurin ya yi duhu, ya yi santsi.

"Wannan dattin babban yatsa ne," in ji ta. "Ba na mutum ɗaya ba. Ɗora naka."

Na ɗora. Yatsana ya zauna daidai wurin kamar an auna.

"Mutane suna cewa ni kaɗai nake zaune a gidan nan," ta ce, tana mai da fallen. "Ba su sani ba ne. Ga wanda ya yi kiwon dabbar, ga wanda ya yanka, ga wanda ya rubuta, ga duk waɗanda suka karanta. Wani lokaci da rana tsaka sai in ji ɗakin ya cika."

Na yi a'uziyya a zuciyata, na kurɓi shayi.

Fallen ƙarshe da ta fito da shi na takarda ne, ya yi ja kamar an jiƙa shi a shayi. Tun kafin ta miƙo mini na gane rubutun. Larabci ne, da irin hannun malamanmu, mai kauri, baƙar tawada, wasu kalmomi da ja. Ta ce ba ta san takamaimai daga ina yake ba, an dai ce mata daga kudancin Sahara. A can ƙasan shafin, a gefe, akwai kalma guda ita kaɗai. Ta fara yi mini bayani cewa kalmar farko ce ta falle na gaba, don littattafanmu ba a ɗinke suke ba. Na ce mata na sani, kakana yana da irinsu.

Kakana malamin zaure ne. Littattafansa suna cikin gafaka, jakar fata mai maɗauri, a rataye a bango saboda gara. Idan yana karantarwa ya zo ƙarshen shafi, yakan ja wannan kalmar ta ƙasa da murya, ya riƙe ta a bakinsa, har sai hannunsa ya ɗauko falle na gaba ya tabbata ita ce a sama. Ina nan Amurka ya rasu. Yayana ne ya gaya mini ta waya yadda aka yi da littattafan. Kowane cikin 'ya'yansa yana son albarka, ba wanda ya yarda a bar wa wani, sai aka kasa su kamar yadda ake kasa hatsi. Akwai littafin da aka raba gida uku. Kashi ɗaya ya tafi Kaduna, ɗaya ruwa ya ci da soron gidan ya rufta, ɗayan ba a ma san inda ya shiga ba.

Na gaya wa Mama wannan. Sai ta dafa hannuna.

Bayan wannan ranar muryar kakana ta dawo mini. Ba a mafarki ba. Ina zaune a wurin aiki da safe ina duba jini a na'ura, ko ina tsaye a danja a East Greensboro kusa da gidanmu, sai in ji wannan jan muryar, kalma guda a rataye, ana jiran falle. Ba na jin kalmar sosai, jan kawai nake ji. Na gaya wa matata. Ta ce, "Malam, ka yi masa sadaka, addu'a yake so." Na yi. Abin ya ragu, bai tafi ba.

Na ci gaba da zuwa Summerfield jefi-jefi. Mama ta ce idan an gama fatar ni zan yi rubutu a kai, da hannun garinmu, ita za ta haɗa tawada. Na ce hannuna ya lalace da biro. Ta ce ba komai, na da ma ba duka ne gwanaye ba.

A kaka ta biyu na fara lura da canji. Takan ba ni labari ta sake ba ni shi kafin shayi ya huce. Wata rana ta tambaye ni ko na zo da rakiya, don ta ga wani a bayana. Sai wata Asabar da hantsi na buga ƙofa shiru, na zagaya gareji. Tana tsaye gaban wani firam da babu komai a jikinsa sai igiyoyi suna reto. Wuƙar tana hannunta, tana kai ta sama tana sauko da ita a hankali, tana kankarar iska, har tana karkatar da kai tana duba inda ya rage.

"Mama," na ce.

"Kada ka yi magana," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Wurin nan siriri ne, zai iya yagewa."

Na tsaya har ta gaji don kanta. Na karɓi wuƙar, na kai ta cikin gida, na nemo lambar 'yarta a jikin firij na kira ta.

Kafin sanyi ya shigo an kai ta gidan kula da tsofaffi. 'Yar ta zo ta sa aka buɗe gidan don sayar da kaya, kamar yadda suke yi a nan. Na je bayan na tashi daga aiki. Baƙi ne cike da ɗakuna, suna buɗe durowa, suna ɗaga kofuna suna duba gindinsu. An sa kowane falle a ledarsa an baje a teburin cin abinci, yawanci ma an kwashe. Na Larabcin yana hannun wani saurayi da matarsa. Na ji matar tana cewa launinsa zai dace da bangon banɗakinsu.

Na matsa na gaishe su. Na ce ina roƙon alfarma, kada su rataye shi a banɗaki, akwai sunan Allah a ciki. Kunya ta kama su, suka ba ni haƙuri, suka ce falo za su sa shi. Mijin ya ce ko zan iya gaya musu abin da aka rubuta. Na karanta musu da ɗan abin da ya rage mini na karatun zaure. Magana ce a kan rijiya, idan wani abu ya faɗa ciki ya mutu, yaushe ruwan ke zama mai tsarki. Suka yi godiya, suka fita da shi. Ta taga na ga sun ajiye shi a kujerar baya, kusa da wata fitila da suka saya.

'Yar ce ta tare ni a ƙofa da fatar ragona a naɗe. Ta ce mahaifiyarta ta faɗa mata tun da sauran hankalinta cewa wannan tawa ce.

Fatar tana gidanmu yanzu, a saman kabad, ban rubuta komai a kai ba. Idan zafi ya zo iska ta yi nauyi da laima, sai ta riƙa motsi, tana lanƙwashewa tana 'yar ƙara. Ƙaramar 'yata ta taɓa ji ta fito da gudu tana cewa, "Baba, it's moving!" Matata ta so a fitar da ita, daga baya ta ɗora mata bargo ta ƙyale.

Na ziyarci Mama sau ɗaya a inda aka kai ta, wata Lahadi bayan azahar. Tana zaune a keken guragu kusa da taga, an yi mata aski, ta ƙara ƙanƙancewa. Na ce, "Mama, ni ne mai rago." Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. Na zauna na ba ta labarin Alhaji, da yadda yake tambayar lafiyarta kullum. Ba na jin ta fahimci ko ɗaya.

Da na tashi tafiya na miƙa mata hannu. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta juya bayansa sama, ta kai shi wajen haske. Ta tsunkuli fatar a hankali ta ɗaga, ta saki, ta bi jijiyoyin da yatsa har wuyan hannu.

"Mai kyau ce," ta ce. "Amma a yi hankali wajen kankara. Gefe ɗaya kawai za ta ɗauki rubutu."

Wata ma'aikaciya da ke gyara gado ta yi dariya ta ce haka take yi wa kowa. Na zare hannuna a hankali na sa a aljihu. A mota na daɗe ban tayar ba.

Ta rasu a ƙarshen sanyin nan. 'Yar ta turo mini saƙo bayan an riga an yi komai, ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya a ƙone gawarta, kuma haka aka yi. Da na gaya wa Alhaji a masallaci ranar Juma'a, ya ce, "Allah Sarki, baiwar Allah." Sai ya tambaye ni ko ta bar wanda ya iya aikin. Na ce ban sani ba.