Kwalin da Aka Tura Ƙarƙashin Ƙafata

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Gagarawa, ni da wani abokina, za mu kasuwar Maigatari in sayo ragon suna. Gero ya fitar da kai a gefen hanya, ramukan titi kuwa suna nan inda na bar su bara. Abokin nawa ya kunna wani fim ɗin Indiya na 'yan leƙen asiri a wayarsa, mai fassarar Hausa, muka haɗa kai muna kallo. Ni da na san Indiya da rawa cikin furanni, sai ga shi ana cire wa mutum farce da filaya. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda wani mai fara'a ya ba direban bas kwali, ya ɗaga hannu ya tafi. Ba a yi nisa ba motar ta tarwatse da mutanen ciki.

A tashar Gumel muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Muna zaune a motar Maigatari ana jiran mutum ɗaya ta cika, sai wani dattijo ya miƙa wa direba kwali ɗaure da igiya, ya ce saƙo ne, za a karɓa a can tasha. Ni kaina na sha aika saƙo haka. Aka tura kwalin ƙarƙashin ƙafata, dattijon ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya juya.

Sai na ji ƙyat, ƙyat, ƙyat daga cikin kwalin. Gumi ya karyo min. Na so in raɗa wa abokina ne, amma muryata ta fita da ƙarfi: "Bam ne a kwalin nan!"

Kafin in rufe baki mota ta watse, har da masu fita ta taga. Wani ya nuna dattijon yana tsaye wajen mai goro. Aka yi kansa da sanduna, yana cewa, "Ku tsaya, bayin Allah! Agogo ne, na masallacinmu ne!" Direban ne ya yi ta maza ya yanke igiyar. Agogon bango ne, an kawo shi gyara Gumel.

Dattijon ya ɗauki hularsa a ƙasa, bakinsa na jini. Bai zagi kowa ba, tambaya kawai ya yi: "Wa ya ce bam ne?" Na dubi sandunan da ba a ajiye ba tukuna, na yi shiru. Tsoro ne ya hana ni, ba zan ɓoye muku ba.

Muka koma mota, agogon ya ci gaba da bugawa a ƙarƙashin ƙafata har Maigatari. Kasuwa ta cika, ga Fulanin wajen Sule Tankarkar da tumakinsu, ga fataken Damagaram. Na sayi rago ban ko iya taya shi yadda ya kamata ba. A hanyar dawowa na sauka a Gumel na nemi dattijon, mai goro ya ce ya hau babur tun hantsi, bai san garinsu ba.

Da la'asar muka iso gida. Da safe fim ne ya tsorata ni, yanzu kuwa bakina nake tsoro, domin kalma ɗaya na furta aka kusa kashe bawan Allah. Ya yi tambaya a gabana, kuma har yau ban ba shi amsa ba.